Ƙaiƙayin Shinkafa Ya Kusa Ɗauke Mini Numfashi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekaru ke nan ina karanta labaran jinyarku ban taɓa cewa uffan ba. Yau ga nawa.

Ba a daɗe da yanke mana Jihar Kebbi ba na bar gonarmu ta Fagada, na kama aiki a wani injin sheƙa shinkafa a Jega. Ni ke juye buhu cikin bakin injin. Ƙaiƙayi ya tashi ya lulluɓe mutum har gira.

Da tarin safe ya fara. Daga baya ƙirjina ya riƙa yin feɗuwa in na kwanta.

Kamfanin na da ɗakin shan magani da ma'aikaci guda. Ko me ka je da shi, ƙwaya fara zai ba ka, ya ce ka sha ruwa da yawa. Bai taɓa ɗora mini abin sauraron ƙirji ba.

Wata rana masu kamfanin suka aiko da wata jami'ar lafiya, Hajiya Rabi, ta tambaye mu ko mun gamsu da kulawar da ake mana. Manaja na zaune gefenta. Kowa ya tashi sai ya ce, "Lahiya lau, Hajiya, mun gode." Wa zai zubar da tuwonsa?

Bayan ɗan lokaci na faɗi bakin injin. Iska ta ƙi shiga. Yayana Garba ya ɗauke ni a motar albasa da ta fito daga Aliero ya kai ni asibiti.

An ɗauki hoton ƙirji, an karɓi majina. Sai da Garba ya sayar da ɗan bijiminsa kafin a gama gwaje-gwajen. Tarin tibi muke tsoro. Matata Hajo ta ware mini kwano da kofi tana kuka.

Likita ya ce, "Ba tibi ba ne. Asma ce, ƙurar wurin aikinka ta kawo ta. In ka koma bakin injin nan, za mu sake ganinka, ko kuma ba za mu gan ka ba."

Ina kwance sai ga Hajiya Rabi. Ta jawo kujera ta ce, "Malam Sani, yau ba manaja. Ka gamsu?"

Na ce, "Hajiya, wanga tari ba ni kaɗai ka yin shi ba. Duk mai aiki bakin injin yana yi."

Ta koma kamfanin ta riƙa kiran ma'aikata ɗaya bayan ɗaya, ƙofa a rufe. Daga nan aka raba takunkumi, aka fasa tagogi a ɗakin injin, likita ya riƙa zuwa duba ƙirji. Ni kuma aka maida ni wurin sikeli. Abokin aikina Bello na Kuberi bai ga wannan gyara ba. Jinyarsa ta riga ta yi nisa. Allah Ya jiƙan shi.

Na samu sauƙi a hankali. Har gobe maganin shaƙar da likita ya ba ni na cikin aljihu.

Na gode wa Allah, na gode wa Garba da Hajo da Hajiya Rabi.

Masu aiki cikin ƙura, ku rufe hanci, tarin da ya ƙi tafiya ku kai shi asibiti. Ku kuma da ake aikowa ku ji ra'ayin ma'aikata, ku fara sallamar mai gida daga ɗakin tukuna.