Tokar da Baffa Idi Ya Ce Kada a Zuba

Shekara shida ke nan da rasuwar Baffa Idi, ƙanin mahaifina, mai buga bulo a Kudan. Ba shi da sarauta, bai yi boko mai nisa ba, babu kuma jaridar da ta ambace shi ranar da muka kai shi makwanci. Ina rubuta wannan ne saboda fadamarmu ta gado, da kuma wani shiru da na yi.

A wajenmu toka abar arziki ce. In an gama dafa mazarƙwaila, tokar murhun ba ta kwana biyu sai an ɗora wa jaki an kai gona. Haka muka taso muka tarar. Shi ya sa da motocin da ke kai rake Kudu suka fara dawowa da wata toka mai laushi kamar gari, direbobi suna cewa kyauta ake ba su a wani kamfani mai ƙona kwal don samun lantarki, babu wanda ya tsaya tambaya. Kowa ya ce taki ya zo har gida.

Baffa kaɗai ya murza ta a yatsa, ya jiƙa ta a kwano, ya ajiye. Da ta bushe sai ta yi tauri. Ya ce wannan ba abincin ƙasa ba ce, 'yar'uwar siminti ce. Lokacin ina shekarar farko a jami'a, sai ya sa ni in bincika masa. Na cika shafi huɗu da Hausa: tokar kwal tana ɗauke da gishiri da guba waɗanda ruwa ke wankewa zuwa rijiya, a wasu ƙasashe cuɗa ta ake yi da siminti a buga bulo, ragowar a binne a ramin da aka yi wa shimfiɗa. Har layi na ja a ƙarƙashin muhimman kalmomi.

Ranar da dangi suka zauna a zaure kan ko a zuba ta a fadama, Baffa ya nuna ni ya ce, "Ga Habibu nan, shi zai karanta muku."

Alhaji Babba, wan mahaifina, ya gyara zama ya ce, "Idi, kasuwar bulo ta mutu, yanzu tokar tamu kake so mu bar maka?"

Aka kwashe da dariya. Takardar tana aljihuna. Na sunkuyar da kai, na ce ban gama dubawa ba tukuna. Na gama. Sau uku na bi ta.

Baffa bai taɓa yi mini maganar ba, a ranar ko bayanta. Aka zuba tokar. Shi kuwa ya kwashe rabonsa, ya buga bulo, ya tayar da katangar gidansa. Damina biyu bayan haka hawan jini ya kwantar da shi. Kafin ya cika ya riga ya ga farin ɓawon da ya fara rufe ƙasar.

Yau raken fadamar ba ya wuce ƙugu, shanu kuma sansanar ruwan rijiyar wurin suke yi su juya. Alhaji Babba cewa yake yi damina ce ta sauya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, masu bulo a Makarfi da Ikara yanzu rububin tokar nan suke yi, suna kiranta sabuwar fasaha, ba wanda ke tuna mutumin da aka yi wa dariya a kanta. Da yana raye ba na jin zai yi gori. Kwano zai ɗauko ya nuna musu yawan simintin da za su sa.

Watan jiya na ji an sauke irin tokar nan mota guda a wani ƙauye wajen Malikanchi, manoma suna ɗiba. Na je, na tsaya a ƙofar masallaci bayan la'asar, na karanta shafi huɗun nan. Wasu sun saurara, wasu sun ci gaba da cika buhu. Wani dattijo ya tambaye ni wa ya koya mini. Na ce Baffa Idi, Allah Ya jiƙansa.

Katangarsa tana nan ko tsagewa ba ta yi ba. Daga jikinta ana hango fadamar, fara fat, wadda saboda ita ya kamata in fara karanta takardar a zaure shekara takwas da suka wuce.