Murhun Goggo Kulu

Har zuwa bara, in ka kwana a gidanmu na Taloka, ba ka bukatar mai tashinka. Ana idar da sallar asuba za ka ji Goggo Kulu tana karya kara tana faɗa da kaji. Daga nan sai hayaƙi, sai ƙanshin hoce. Tun daren jiya ta kwaɓa garin dawarta, yanzu mulmulawa kawai take tana mannawa a jikin tukunyar ƙasa mai zafi, hannu tsirara, ko a jikinta. Mu da muka gwada muna 'yan mata, har yau da tabo a yatsunmu.

Goggo yayar mahaifina ce. Da mijinta ya rasu ta dawo gidan ubanta ta karɓi murhun tsakar gida, kuma tun ina goye take ciyar da mu. Bana idonta ya yi rauni, hayaƙi ya ci rabonsa, ta miƙa wa matan gida muciya. Shi ya sa na ce bari in yi mata jinjina tun tana ji da kunnenta.

Doka ɗaya gare ta. Mahaifina, Baba Sale, da ƙanensa Baffa Isah, kwano ɗaya take kai musu zaure. Ko baƙi sun cika gida, nasu ba ya rabuwa.

Wata shekara sai ga rani ya zo da fitina. Baffa Isah ya saki ruwa a fadama ya manta bai toshe ba, ruwan ya kwanta a kan irin albasar Baba har ya ruɓe. Baffa ya ce kuskure ne, Baba ya ce ganganci ne. Magana ta tono magana, har da abin da ya faru tun suna kiwon awaki. Suka daina gaisawa. Kwano ya riƙa dawowa daga zaure yadda aka kai shi, kowa yana aika matarsa ta dafa masa a ɓoye. Liman ya yi magana, ba a ji ba. Ƙarshe Baba ya sa aka buga tubali, ya kira Maccido magini ya raba gidan da katanga.

Ina Achida a ɗakin mijina labari ya iske ni. Nan da nan na hau mota, don na san katanga in ta tashi tsakanin 'yan'uwa ba ta cika saukowa ba.

Na tarar Maccido ya ja igiya daga zaure zuwa rumbu, kuma igiyar ta ratsa ta kan murhun Goggo. Ita kuwa ta hura wuta tana gashin hoce abinta. Ya roƙe ta ta kashe wutar ya haƙa tushe, ta ce bari wannan ya gasu. Ya gasu, ta manna wani. Ta zuba masa da ƙuli da man gyaɗa, ya zauna ya ci. Maccido da bakinsa yake ba da labari cewa bai taɓa ƙoshi a wurin aikin da bai yi ba kamar ranar. Rana ta take, dawar gidan tana ƙarewa, wuta ba ta mutu ba.

Da Baba ya gaji ya shigo, Baffa yana bayansa nesa kaɗan. Baba ya ce, "Yaya, ki yi haƙuri ki tashi."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ina tashi. Amma ku hwaɗa min, duwatsun ga ukku na, na innarmu. Wa ka ɗaukar biyu, wa ka ɗaukar guda? Mi za ni ɗora ma guda?"

Sai ta ɓamɓaro hoce mai zafi ta miƙa wa Baba, zafi ya sa ya yi ta juya shi a hannu, sai Baffa ya miƙa hannu ya kama gefe, suka ɓalla. A tsaye suka ci, ba mai kallon wani. Ni kuwa na zauna a kan turmi ina kuka ina dariya. Kafin la'asar Maccido ya naɗe igiyarsa.

Goggo, ke ce uwar gida ba da kujera ba. Ba ki yi wa'azi ba, ba ki tsine wa kowa ba, kin dai ƙi kashe wuta. Allah Ya saka miki, Ya ƙara miki lafiya, Ya haskaka idon da kika ƙarar a kanmu.

Ku kuma masu karatu, in akwai mai irin wannan hali a gidanku, ku gode mata yau, ku koyi hannunta, ku zauna ku ci tare ko da ran wani a ɓace yake. Ni na san abin da na tsira da shi. Yadda Maccido ya ja igiyar nan, ɗakin da aka haife ni ya faɗa ɓangaren Baffa, da yanzu sai na zagaya ta titi na yi sallama kafin in shige shi.