Ƙunshin Bayan Tsiga

Abin da na fara gani da na shiga ɗakin Yayata a Funtua, ranar da aka ba mu hutu, ƙunshi ne a baƙar leda, an naɗe shi da salatif, an jingine shi shi kaɗai a bayan ƙofa. Sauran kayan suna kan kujera, kowanne da sunan mai shi a jiki, suna jiran mai mashin ɗin da ke kai wa mutane. Wannan kuwa lambar waya kawai aka rubuta masa.

Yaya tana sayar da atamfa da mayafai da kayan jarirai ta waya. Takan shimfiɗa su a kan farin zanen gado ta ɗauki hoto, mata su gani su zaɓa. Na nesa su biya kafin a tura, na kusa kuma mai mashin ya kai, su biya in kaya sun iso hannu. Ni a lokacin ina aji huɗu na sakandare, kuma a gidanmu an san ni da rashin magana. Aikina a wurinta yanka salatif ne da riƙe bakin leda.

Bayan azahar ƙawarta mai sayar da turaren wuta ta shigo, Yaya ta jawo wayar tun kafin ta zauna.

"Zo ki ji adireshin mai ƙunshin can," in ji Yaya, ta karanta a hankali tana jan kowace kalma. "Bayan Tsiga, in an bar kwalta a bi hanyar da ta ratsa gonakin dawa. In an wuce injin niƙa, gidan da ke da durumi a ƙofa."

"Durumi," in ji ƙawar. "Daga nan har Malumfashi wane ƙauye ne ba durumi? Ai da ta ce gidan da ke da ƙofa."

Suka yi dariya. Mai sayen ta zaɓi atamfa ɗaya da zanen goyo da rigunan jariri, ta ce suna za a yi jibi, za ta biya in an kawo. Amma hoton da ke kan lambar na namiji ne, saurayi da hula a karkace. Yaya ta tambaya, matar ta ce wayar ƙanin mijinta ce take ara.

Ban ga laifin Yaya ba da ta tsorata. A daminar da ta wuce wani ya ba ta irin wannan kwatance a hanyar Bakori, ya tari mai mashin a bakin titi, ya nuna masa alat ɗin banki na bogi, ya tafi da leshi masu tsada. Har gida Yaya ta zo tana kuka. Tun daga nan ta kafa doka: ba sunan maigida, ba kaya.

Ta kunna mana saƙonnin murya. Na farko muryarta ce: "Hajiya, gidan wa za a ce?" Matar ta yi 'yar dariya ta ce in ya zo wajen injin kowa ya san gidan. Yaya ta sake cewa sunan mai gidan take so. Matar ta ce, "Gidan Baba ne, kakan yaran." Da Yaya ta matsa, saƙon ƙarshe ya zo gajere: "Anti, ki yi haƙuri."

"Kin gani," in ji ƙawar. "Mai gaskiya ba ta ɓoye suna. Sa ta a guruf kawai, da lambar da hoton da muryar, kafin ta cuci wata."

Na san guruf ɗin. Matan da ke kasuwanci ta waya ne daga Funtua har Dandume da Malumfashi, kuma kowacce tana da dangi a wani ƙauye. Lambar da ta shiga can da tambarin 'yar damfara, kafin magariba ta zaga gari. Hoton saurayin nan zai kai Tsiga kafin ranar suna, da muryar matar yayansa a ƙarƙashi, mace mai jego a gidan surukai.

Yaya ta fara rubutu a guruf ɗin. Na ajiye almakashi na ce ta sake kunna na ƙarshen.

Suka juyo suka dube ni. "Ikon Allah, ashe tana magana," in ji ƙawar. "Na ɗauka sai an sa mata batir."

Yaya ta kunna. Na ce ta ƙara sauti. A bayan muryar akwai ƙarar injin casar masara daga nesa, da kaji, sai kuma muryar wani dattijo kusa sosai, yana cewa a miƙo masa buta. Daidai nan muryar matar ta yi ƙasa, kamar ta sa mayafi a baki.

"Surukinta ne a zaune," na ce. "Gidan da sunansa ake kira. Ta yaya za ta faɗi sunansa yana ji?"

"To ta rubuta mana," in ji Yaya.

"Ƙanin mijin ne zai karanta, wayarsa ce."

Ƙawar ta taɓe baki. "Wannan kunyar ta mutanen da ce, 'yan mata. Wadda ta iya sayen kaya ta waya ta wuce nan."

Ban koma kan almakashina ba. Na tuna Inna a asibiti, mai ba da kati yana tambayarta sunan miji, ta juyo ta zungure ni da gwiwar hannu don in faɗa. Mutumin ya yi tsaki, layi ya yi tsawo, Inna ba ta faɗa ba. Har yau ban taɓa jin sunan Baba a bakinta ba.

"Da Inna ce ta sayi kaya a wurinki, da yanzu tana guruf," na ce wa Yaya.

"Ke, kar ki sako Inna a maganar nan."

"Ke ma da muka je gaida su Hajiyar mijinki, aka tambaye ki sunan Alhajin gidan, cewa kika yi in faɗa."

Ƙawar ta ƙyalƙyale da dariya, ta ce yau ƙanwa ta tona asiri. Yaya ba ta yi dariya ba. Ta ce ni ban san zafin asara ba, ban taɓa sayen ko ƙyalle da guminna ba. Gaskiya ta faɗa. Ta ce wancan ɓarawon ma da ladabi ya zo, har da "Allah ya ƙara buɗi". Wannan ma gaskiya ne. Na ce ban rantse matar nan mai gaskiya ba ce, ban san ta ba. Kada a tura kayan in ba a yarda ba, kayan Yaya ne. Amma ba a kama matar da komai ba sai ƙin faɗin suna, kuma wannan ba sata ba ce. In aka sa ta a guruf, na ce, ni da bakina zan gaya wa Inna abin da aka sa ta a kai.

Yaya ta daɗe tana kallona, irin kallon da take yi wa atamfar da take zargin ba ta asali ba ce. Sannan ta goge abin da ta rubuta, ta tura mini wayar a kan tabarma.

"Ga ta nan, lauya. Mai mashin zai zo bayan la'asar. In ba suna kafin nan, zan kwance kayana, kuma kar ki sake ce mini uffan."

Ban taɓa tura wa baƙo saƙon murya ba. Ba na son jin muryata a waya. Na danna, na saki, na sake dannawa, ƙawar tana cewa in yi a hankali kar wayar ta cije ni. Na juya musu baya na fuskanci bango.

"Salamu alaikum, Anti, barka da arziki, Allah ya raya. Ƙanwar mai kayan ce. Ba sai kin faɗa da bakinki ba. Don Allah ki fita da wayar zuwa maƙwabta, ki ba wata ta faɗa mana sunan mai gidan."