Ranar da Gwaggo Ta Ce Ba Ta Sani Ba

Gwaggo yayar babana ce. Shekara talatin da ɗaya ta yi a ɗakin wanki na asibiti, tsakanin injin da ke ruri tun safe da dogon teburin guga. Ruwan wanki ya cinye mata fatar hannu har ta koɗe, farcenta duk ya tsattsage. Takan ce ita ba likita ba ce, amma da ta warware zanen gado ta san irin wuyar da mai shi ya sha. Mijinta ya rasu tana da shekara arba'in, Allah bai ba su haihuwa ba, ita kuma ba ta sake aure ba.

'Ya'yanta su ne yaran makarantar Lahadi. A wani ɗan ɗaki bayan coci take koyar da su, inda ake jibge karyayyun benci da tsofaffin ganguna. Ita ta share shi, ita ta toshe inda yake yoyo. Shekara ashirin da huɗu tana wannan aiki. Ni ma a hannunta na koyi addu'a, haka ma rabin waɗanda ke zama a kujerun gaba yanzu, har da Sakataren ikkilisiya, wanda ta sha goge wa majina da bakin zanenta.

Abin ya faro ne daga rashin lafiyar matar wani makaniki. Da jikin ya tsananta, Fasto ya sa aka yi azumin kwana uku, manya da yara, ya kuma faɗa a kan bagade, inda yake tsayawa wa'azi, cewa matar nan za ta tashi ta taka da ƙafarta. Ba a yi mako ba ta cika.

Lahadin da ta biyo bayan jana'iza, 'yar marigayiyar, yarinya mai shekara tara, ta zo aji ta zauna a ƙarshen benci. Gwaggo na cikin darasi sai yarinyar ta ɗaga hannu.

"Malama, ran azumi na biyu na sha ruwa a ɓoye. Shi ya sa Allah bai warkar da Mama ba?"

Gwaggo ta ajiye allin da ke hannunta, ta je ta durƙusa a gabanta. "A'a, 'yata. Ko randa guda kika shanye, ba shi ya kashe ta ba. Ki cire wannan daga ranki."

"To me ya sa?"

"Ban sani ba," in ji Gwaggo. "Ni ma na yi wannan tambayar da mijina ya mutu, har yau ba a ba ni amsa ba. Wani lokaci nakan yi fushi da Allah. Amma ban daina yi masa magana ba, ke ma kada ki daina."

Iyakar laifinta ke nan. Yara suka kai magana gida, kuma magana in ta bi baki uku sai ta yi ƙaho. Kafin Laraba an ce Gwaggo ta gaya wa yara Allah ba ya jin addu'a. Kafin Juma'a an ce ta ce Fasto maƙaryaci ne.

Dattawan coci suka kira ta ofis. Ni na kai ta a babur, na zauna a bakin ƙofa, kuma ƙofar ba ta rufuwa sosai. Maza bakwai ne a kan kujerun roba, babu wanda ya miƙa mata ko ɗaya sai da Fasto ya yi gyaran murya.

Sakatare ne ya yi yawancin maganar. "Mama, mai koyarwa ba ya cewa bai sani ba. Da sai ki ce nufin Allah ne, ki kawo aya, ki wuce."

"Ayar ta ji ta ran jana'iza, ɗana, sau biyar. Ba ta hana ta ɗauka cewa ita ta kashe uwarta ba."

"Amma kin zubar da mutuncin bagade."

"To kai ka san dalilin? In ka sani, ga ni, ka koya mini, gobe in je in gaya mata."

Ya juya biro. Sai ya sake hanya. Ya ce dama an daɗe ana lura da yawan zamanta da wata mata wadda ba ta cikin bangaskiya, zama da maɗaukin kanwa kuwa shi ke kawo farin kai. Yana nufin ƙawarta ta ɗakin wanki, Musulma, wadda suka yi shekara ashirin suna kama bakin zanen gado ɗaya suna ninkewa. Ita ce ta riƙe Gwaggo a farfajiyar asibiti ranar da aka fito da gawar mijinta. A ranar babu dattijo ko ɗaya a wurin.

Suka ce ta tsaya gaban jama'a ta janye maganarta. Ta ce in akwai wanda ta ɓata wa rai za ta roƙe shi gafara har gida, amma ba za ta tsaya a ɗakin Allah ta ce ta san abin da ba ta sani ba. Suka karɓe makullin ajin. Duk zaman nan Fasto bai ɗago kai daga tebur ba, alhali shi ya yi alkawarin da Allah bai aike shi ba.

A hanyar gida raina na tafasa. Na ce, "Gwaggo, coci ya ƙare ne a garin nan? Ki bar musu kayansu."

Ta ce, "Kayan wa? Sakatare ne ya mutu domina? Kalli gabanka, kada ka zubar da ni."

Ta ci gaba da zuwa kowace Lahadi. Matan ƙungiyar zumunta ta coci da suka saba cika ɗakinta suka koma gaisuwa daga nesa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne fararen ƙyallayen teburin jibin Ubangiji na coci. Babu wanda ya iya fitar musu da tabo kamarta, don haka duk ƙarshen wata sai a aiko mata da su a leda. Bakinta bai isa ya koyar da yara ba, amma hannunta ya isa ya wanke abin da ake shimfiɗa wa jikin Ubangiji. Na ce ta mayar musu. Ta ce ƙyalle bai yi mata komai ba, ta jona dutsen guga.

Makanikin bai ce uffan a coci ba, yana tsoron dattawa. Amma ran Asabar yakan ajiye 'yarsa a ƙofar Gwaggo kafin ya wuce gareji. Can suke yini, yarinyar na tambaya, Gwaggo na amsa wanda ta iya. Daga baya wasu iyayen ma suka riƙa turo nasu ta ƙofar baya, su kuma su haɗu da ita ran Lahadi su kau da kai.

Ba a mayar mata da ajin ba. Bayan shekara huɗu ciwon ƙoda ya kwantar da ita a asibitin da ta yi wa aiki. Ƙawarta ce ke juya ta, tana canja mata zane, tana yi wa sababbin ma'aikata faɗa kan yadda suke guga. Wata rana da azahar na iske su, ɗaya na salla a kusurwa, ɗaya na raira waƙar sujada a hankali, babu wadda ta dami wata.

Ran jana'izarta coci ya cika har waje. Sakatare ne ya karanta tarihinta. Ya kira ta uwa a cikin ikkilisiya, ya ce shekara ashirin da huɗu ta yi tana koyarwa har ƙarfinta ya ƙare. Mutane suka ce amin. Na ji kamar in miƙe in faɗi yadda ƙarfin nata ya ƙare, da wanda ya ƙarar da shi. Babana ya danne mini gwiwa, ni kuma na bari ya danne. Wannan shirun nawa har yau yana cina.

Bayan mako biyu Fasto ya zo gidan shi kaɗai, muna kwashe kayanta. Ya tsaya a tsakar ɗaki yana murza hularsa, ya ce, "Ranar nan ya kamata in yi magana."

Na ce, "Ya kamata, Baba Fasto. Shekara huɗu tana zaune a gabanka."

Bai kare kansa ba. Ya tambaya ko akwai abin da zai taya mu. Na nuna masa katifa, muka kama tare muka fitar da ita zuwa mota.