Na'urar da ta koyi doguwar gaisuwa

Ina tsaye a kasuwar Diffa ina ta latsa salula, injin ban ruwan da na kunna da safe yana can bakin kogin Komadugu ya ƙi mutuwa. Ruwa na neman cinye mini dashen tattasai.

Ɗiyata Hadiza ce ta ɗaura masa wata ƴar na'ura kamar akwatin ashana, wai in riƙa kunnawa da kashewa daga gari. Na kira Hadizar.

"Baba, ita na'urar da ta amsa saƙo ɗaya sai ta rufe ƙofa. In ka dawo, sai sun sake gaisawa da salularka tun daga farko. Kafin su gama, rezo ya ɗauke, layin waya ya yanke."

"Wato ita ma ta koyi gaisuwar Barebari?"

"Ai su in sun gaisa suna ba ka tabarma, Baba. Gobe zan gyara ta riƙa riƙe layin."

Tattasai bai san gobe ba. Na hau kabu-kabu, na iske rabin dashen ya nutse, na kashe injin da hannuna.

An ce zumunta a ƙafa take, ban san har da injin ruwa ba. Ko ku naku yana jin kira daga nesa?