Ranar da Baba Ya Yi Shiru a Bakin Dam

Babanmu bai taɓa ganin teku ba. Dam ɗin da ke tsakanin ƙauyenmu da hanyar Kabo shi ne iyakar ruwan da ya sani, amma ya san shi ciki da bai. A gefenmu akwai gaɓa mai farin yashi inda 'yan fito suke ɗaure kwalekwale. Nan yake tsayawa da safe da kuma bayan azahar, wando a naɗe zuwa gwiwa, kuma babu ɗan fiton da zai tura jirgi sai ya ji ta bakinsa.

Aikin nasa ba shi da wani asiri. Zai shiga ruwa iya idon sawu ya tsaya. In igiyar ruwa tana zuwa ɗaya bayan ɗaya a natse, tana ajiye kumfa a layi guda, sai ya ce a tafi. In kuwa tana zuwa bibbiyu, ta baya tana hawa kan ta gaba, in za ta koma kuma tana zare yashi daga ƙarƙashin ƙafa, to iska ta riga ta taso a can ƙarshen dam ta gabas, inda ido ba ya kaiwa. Sama na iya kasancewa tas, amma sai ya ce, "Ku dakata. Kafin ku kai tsakiya za ta iso." Tsakiyar nan kuwa cike take da kututturan bishiyoyin da ruwa ya cinye lokacin da aka datse kogin.

A shekarun da man fetur ya yi tsada, kuɗin motar da ke zagaye dam ɗin ya fi ƙarfin mutane, kowa ya koma fito. Cikin masu hayewa kullum akwai wata abokiyar aikina a firamare, Kirista ce daga kudancin Kaduna. Malama muke ce mata. Gidansu yana tsallake, inda mijinta yake da ɗan kemis. Tsoron ruwa take kamar me, shi ya sa ba ta taɓa sa ƙafa a jirgi ba sai ta rusuna ta ce, "Baba, yaya ruwan namu?" In ya ce ta koma, komawa take, ta zauna wurin Inna tana taya ta ɓarar gyaɗa har iska ta wuce.

Sai aka ƙaddamar da shari'a. Ni a lokacin jinina na tafasa, na karanta 'yan littattafai uku na ɗauka na gama sani. Mu samari muka kafa ƙungiyar gyara gari, ba wanda ya aike mu. Muka hana kiɗa a biki, muka kori mai caca, da muka rasa abin hanawa sai idonmu ya kai bakin dam. Wani a cikinmu ya ce ai faɗin abin da bai faru ba shiga gaibu ne, aikin bokaye ne. Liman ya ce mana manomi ma yana kallon hadari ya kwashe shanya, amma wa zai saurari tsoho? Abokaina suka fara yi mini gori, wai ina wa'azi a waje alhali boka yana cikin gidanmu. Kunya ta kama ni, kunyar banza.

Na sami Baba a zaure, a gabansu, na ce, "Baba, abin nan da kake yi a bakin ruwa haramun ne. Muna so ka bari."

Ya ce, "Iska ce fa kawai, ɗana. Ruwa ne yake riga ta isowa."

Na ce, "Ka rantse ka bari."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya rantse. Baba mutum ne da ko a ciniki bai yarda da ƙarya ba, na san in ya rantse an gama. Na fita ina jin kaina wani gwarzo.

Bai daina zuwa gaɓar ba, ƙafarsa ta saba. Zai shiga ruwan ya tsaya, ya fito bai ce uffan ba. 'Yan fito suka koma kallon sama kamar kowa. Malama kuwa ba ta san an yi wannan ba, don tana hutun haihuwa, kuma ba wanda ya ga dalilin gaya mata rikicin da ba na addininta ba.

Ranar da ta dawo aiki farkon damina ne. An tashi daga makaranta, na gangaro gaɓa da abokaina biyu don mu tabbatar maza da mata ba su cakuɗa a jirgi ba. Bayan azahar ne, babu ko ɗigon gajimare. Baba yana cikin ruwa. Na kalli igiyar na ga tana zuwa bibbiyu. A gaɓar nan na girma, na san abin da na gani.

Malama ta rusuna ta ce, "Baba, na dawo. Yaya ruwan namu?"

Baba ya juyo ya kalle ni. Ba ita ya kalla ba, ni ya kalla, yana jira in sake shi daga rantsuwar. Kalma ɗaya ta isa. Amma abokaina suna gefena, sai na sunkuyar da kai ina gyara takalmi. Da ta ga bai ce ta koma ba, ta yi murmushi ta shiga jirgin, tana cewa jaririn yana gida yana jiran nono.

Suna kaiwa tsakiya iskar ta iso. Muna tsaye muna gani igiya ta ɗaga jirgin ta maka shi da kututture. Ɗan fiton da sauran mutanen suka kama itatuwa har aka kai musu ɗauki. Malama ba ta iya ruwa ba. Sai washegari da hantsi masunta suka fito da ita.

Bayan kwana uku mijinta ya zo gidanmu a mota, ta hanyar zagaye. Bai zo da faɗa ba. Ya zauna a zaure, ya gaisa, ya yi godiya da abincin da Inna ta aika. Sannan ya ce, "Baba, kullum tana gaya mini in kana bakin ruwa hankalinta kwance yake. Abu ɗaya nake so in sani. Ranar nan ba ka ga komai ba ne?"

Ina tsaye a bakin ƙofa. Na tabbata Baba zai faɗa masa gaskiya, kuma wallahi na so ya faɗa, ko mutumin ya tashi ya rufe ni da duka in huta.

Baba ya ce, "Idona ya tsufa, ɗana. Ban gani ba. Ka yafe mini."

Mutumin ya kama hannunsa yana ba shi haƙuri, yana cewa tsufa ba laifi ba ne. Ni na raka shi har bakin mota, ya yi mini godiya, na kuma amsa.