Haƙorin Kaka a Ƙasan Kwami

Ba a daɗe da ba mu jihar Kebbi ba, babanmu ya kai albasa Legas, ya ga wurin iyo a wani masauki, ya dawo Aliero da shi a ransa. Ya kira magini daga Jega, aka haƙa rami a bayan gida aka shafe da siminti. Shi yana cewa wurin iyo, mu muna cewa kwami. Injin ban ruwan albasa ne ya cika shi daga rijiya, kuma ba a jima ba ruwan ya koma kore shar kamar miyar kuka.

Ni ne mijin kakarmu na wasa, kamar kowane jika namiji. Tana da haƙorin Makka, kuma duk unguwar an san dariyarta, don sai ta jefa kai baya zinarin ya haska. Wata rana ta zo ganin abin da ɗanta ya gina, na yi tsalle na faɗa ruwan, na fito da gansakuka a ka. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Sai muka ji ɗis. Zinarin da ya daɗe yana motsi ya fice ya nutse.

Daga ranar Kaka ta rufe baki da mayafi. Na yi rawa, na ce zan sake ta, ko murmushi. Gidan ya yi shiru, abin ya dame ni ƙwarai.

Mun lalube ƙasa da ƙafa, sai laka. Kwashe ruwan kuma Baba ya ce a'a, bazara ce, rijiya ta ja baya. Ya sayo alif, wanda ake tace ruwan sha da shi. Da yake mutum ne mai hannu sake, ya zuba har ya wuce kima. Ruwan ya yi fari-fari, ya ƙi kwantawa, ga yaji a ido.

Innarmu ta tsoma yatsa ta lasa, ta yamutsa fuska.

"Malam, wanga ruwa ya yi tsami. In yakuwa tay yi haka, mi aka sa mata?"

"Yanzu miya za ki yi man da shi?" in ji Baba.

Inna ta tashi ta ɗauko ƙwarya. Ta jiƙa kanwa, tana zubawa kaɗan-kaɗan tana ɗanɗanawa, har ta ce ya isa. Sannan ta kafa doka: wanda ya taɓa ruwan, ita da shi.

Muka zauna a gefe muna kallo. Dattin ya riƙa haɗuwa kamar auduga yana sauka. Washegari da hantsi ga ƙasan kwami tas: takalmin ƙanena, cokalin da aka zargi akuya da ɓatar da shi, da wani ɗan abu yana walƙiya a kusurwa.

Na nutsa a hankali na ɗauko, na kai wa Kaka. Na durƙusa na ce, "Amarya, ga sadakinki."

Mayafin ya zame. Ta jefa kai baya ta saki dariya, ɗan guntun haƙorinta baƙi a fili, ta manta da rufe shi. Zinarin yana tafin hannuna har ta gama.